Ɗan Ɗakinka Ba Ɓarawo Ba Ne, Amma Ka Kulle Kwamfutarka

Da zarar an ambaci kutse a kwamfuta, tunanin yawancinmu can nesa yake tafiya, wurin wani ƙato da ke zaune cikin duhu a wata ƙasa da ba mu taɓa zuwa ba. Tsoron nan yana da tushe, ban musa ba. Amma a ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'o'inmu, da gidajen haya na Samaru da Rijiyar Zaki da Gwagwalada, da masaukan masu yi wa ƙasa hidima, mutumin da ya fi kowa damar taɓa laftof ɗinka yana kwance ne a katifar da ke kusa da taka. Ya san lokacin da kake shiga wanka. Ya san ranar da lacca ke riƙe ka tun takwas har azahar. Ya san wannan Juma'ar ka tafi gida, ka tura jaka ƙarƙashin gado.

Abin ma ba yau aka fara ba. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka tsara yadda mutane da yawa za su riƙa aiki da babbar kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa da nasa fayil. Don kada wani ya leƙa na wani, sai aka ba kowa kalmar sirri, kuma ana lissafa wannan cikin farkon amfani da ita a tarihin kwamfuta. Ba a je ko'ina ba, a 1962, wani ɗalibin digirin digirgir mai suna Allan Scherr ya ga awa huɗun da aka ware masa a mako ba ta isar sa. Sai ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin kalmomin sirrin kowa a takarda, ta kuwa buga. Ya ci gaba da cin lokacin abokan aikinsa, sai bayan shekaru masu yawa ya faɗa da bakinsa. Mutumin kirki ne mai 'yar buƙata, kuma a ciki yake. Da ɗan gari akan ci gari.

Abu biyu nake gani suna jefa mu cikin wannan matsala. Muna ba kalmar sirrin shiga kwamfuta amanar da ta fi ƙarfinta, sannan muna jin kunyar kulle abinmu a gaban wanda muke cin tuwo kwano ɗaya da shi. Na farkon rashin sani ne, bayani kaɗan ya wadatar. Na biyun shi ne mai wuya.

Kalmar sirrin da Windows ke tambayarka idan ka kunna na'ura labule ce a ƙofar ɗaki. Mai tarbiyya zai tsaya ya yi sallama, wanda ya yi niyyar shiga kuwa ɗagawa kawai zai yi. Dalili shi ne, matuƙar ba a yi wa faifan ajiyar kwamfutar komai ba, duk abin da ke cikinsa a fili yake a rubuce, kuma Windows ɗin ce kaɗai ke tsaye tana cewa sai da izini. Idan aka tayar da na'urar ta wata hanyar da ba ta bi ta kan Windows ba, babu mai tambayar kowa komai. Kamfanin Microsoft da kansa bai ɓoye wannan ba. Tun a 2000 wani jami'insa na tsaro, Scott Culp, ya jera ƙa'idoji goma na tsaron kwamfuta, kuma ma'anar ta ukunsu ita ce duk na'urar da mugu ya samu damar keɓewa da ita yadda yake so, to ta tashi daga taka.

Wanda ke shakka ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ya tsaya gaban teburin mai gyara. Za ka ga an miƙo laftof an ce, “Malam, faswod na manta.” Shi kuma ba zai ko ɗaga kai ba, sai ya ce, “Cirewa za a yi ko fomatin?” Ya zaro wani ɗan filashi da ya sha hannu daga cikin gwangwanin kusoshi, ya soka, ya danna maɓalli biyu-uku, kafin mai shayi ya kawo shayi an gama. Sana'a ce halal, mutane na mantuwa da gaske, kuma ba kowane mai gyara ne ke yi ba tare da ya tambayi rasit ba. Sai dai kayan aikin da ke cikin filashin nan kyauta suke a intanet shekara da shekaru, ɗalibin da ya yi zangon karatu ɗaya a sashen kwamfuta ma ya san su. Wanda ya share maka kalmar sirri ta wannan hanya aƙalla ya bar sawu, domin da safe za ka ga an taɓa. Akwai wanda ya fi shi wayo: ba zai taɓa kalmar ba sam, zai tayar da na'urar da wata manhaja daga filashi, ya kwafe abin da yake so, ya kashe, ya mayar da ita jaka yadda ya same ta. Akwai kuma mai sukuddireba, wanda zai kwance faifan ajiyar ɗungurungum ya jona a wata kwamfutar.

Duk da haka, a ganina mai filashi bai kai mai ido haɗari ba. Ka zauna a bakin katifa ka buɗe laftof, shi yana tsaye a bayanka da kofin shayi, yana ba ka labarin wasan jiya. Yau ya ga ka fara da babban harafi. Gobe ya lura yatsanka ya hau layin lambobi sau huɗu a ƙarshe. Jibi ya tuna an haife ka a 2002, ya kuma san sunan yarinyar da kake kira bayan isha'i. Shi ke nan, bai karya komai ba, kuma ya fi mai filashi riba. Wanda ya share kalmar sirri da ƙarfi a asusun da ba a haɗa da intanet ba yakan tarar kalmomin da burauza ta adana sun ƙi buɗuwa, domin Windows ta ɗaure su da tsohuwar kalmar. Wanda ya san ainihin kalmar kuwa Chrome zai tambaye shi ita, ya rubuta, ya baje masa komai: imel, Facebook, shafin makaranta, har da na banki idan ka taɓa adanawa. Ga WhatsApp da ka haɗa da kwamfutar ka manta, saƙonni na ta shigowa a gabansa.

Akwai wata kafa da ke ba ni dariya da takaici a lokaci guda. Tun 2018, idan ka buɗe asusu a Windows 10 ba tare da haɗa shi da intanet ba, na'urar takan sa ka zaɓi tambayoyi uku da za ka amsa ranar da ka manta kalmar sirri. Cikin tambayoyin akwai garin da aka haife ka, da laƙabinka na yarinta, da makarantar da ka fara shiga, da garin da iyayenka suka haɗu. Waɗanda suka tsara wannan baƙo daga nesa suke tunani. Mu kuwa ɗan ɗakin naka sau da yawa ɗan unguwarku ne, tare kuka yi firamare, shi ne ma ya raɗa maka laƙabin. Zai danna wurin da aka rubuta an manta kalmar sirri, ya amsa tambayoyin da ya fi ka sanin amsarsu, ya sa sabuwa. Magani a nan shi ne kada ka ba tambayar amsarta. Idan an tambayi garin haihuwa, rubuta wani abu da babu ruwansa da gari, ka adana shi a inda kai kaɗai ka sani.

Idan kuma da asusun Microsoft kake shiga, to makullin kwamfutarka yana cikin wayarka, domin can ake turo lambar canza kalmar sirri. Wayar kuwa ina take? Tana can a jone a soket ɗaya tilo na ɗakin, tare da wayoyin kowa, tun da aka kawo wuta ƙarfe biyun dare, kai kana barci. Saƙo ya shigo, lambar ta fito ɓaro-ɓaro a fuskar waya ko ba a buɗe ta ba. Kowace waya ta zamani tana da wurin da ake hana saƙo bayyana a kan fuskar da ke kulle. Minti ɗaya ake yi a gyara, amma mutum nawa ne suka gyara?

Yanzu mu zo kan kunya. Kowa ya san yadda ake yi. “Aboki, ɗan buɗe min laftof in tura aikin nan, gobe ne ranar ƙarshe.” Kana sauri za ka masallaci, sai ka faɗa masa kalmar daga bakin ƙofa. Ko kuma babban yaya ne da kake zaune a ɗakinsa, ya ce, “Kai, mene ne faswod ɗin abin nan?” Ta yaya za ka ce masa a'a? Ka hana, a ce kana da rowa, ko kana ɓoye wani abu, ko boko ya mayar da kai Bature. Na san masu wannan magana, kuma ba duka na ƙi ba. A ɗakin mutum huɗu mai laftof ɗaya, hana aro zalunci ne. Ɗalibai da yawa sun gama kundin digirinsu a kan na'urar aboki, kuma wannan abin alfahari ne a tarbiyyarmu, ba na so mu rasa shi. Inda na rabu da su shi ne ɗaukar aron na'ura da bayar da kalmar sirri a matsayin abu ɗaya. Abu biyu ne, kuma ana iya yin na farko ba tare da na biyu ba.

Dalilin da ya fi ƙarfi a wurina ma ba naka ba ne, na wasu ne. Abin da ke cikin laftof ɗinka ba duka kake da iko da shi ba. Akwai hotunan ƙannenka mata na bikin gida, waɗanda aka ɗauka a tsakar gida babu mayafi. Akwai saƙon abokin da ya faɗa maka rashin lafiyarsa, ya ce kada kowa ya ji. Akwai hoton katin NIN na mahaifiyarka da lambar BVN ɗinta, tun ranar da ka cike mata fom. Idan kana ɗan taɓa sana'a, akwai sunayen abokan ciniki da lambobinsu. Waɗannan mutane kai suka ba amana, ba su ba ɗan ɗakinka ba, kuma ba a kyauta da kayan wani. Sannan kullewar tana kare shi kansa ɗan ɗakin. Ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo a asusunka, ko wani hoto ya fita, duk wanda ya san kalmar sirrin shi ne farkon abin zargi, ko da bai ji ba bai gani ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji magabata, to me zai sa mu ƙara wa saɓanin ƙofa?

Hanyar da ta haɗa kara da tsaro tana nan cikin na'urar tun ranar da ka saye ta. Buɗe wa abokin zamanka nasa asusun, da sunansa, ya zaɓi tasa kalmar sirrin da hannunsa, kai ma ka kau da kai lokacin da yake rubutawa. Sharaɗi ɗaya ne: asusun ya zama na talakan mai amfani, kada ka ba shi matsayin admin, domin duk admin na iya canza kalmar sirrin kowa a na'urar, har da taka, ya kuma shiga fayilolinka. Mai Mac yana da asusun baƙo da ke share komai da zarar an fita. Da wannan zai yi aikinsa, ya kalli ƙwallonsa, kai ba ka ga nasa ba, shi bai ga naka ba. Wanda aka yi wa haka ya ɓata rai, to ba aikin makaranta ya kawo shi ba.

Wannan ya magance mai ido. Mai filashi da mai sukuddireba kuwa abu ɗaya ne ke tsayar da su, wato a hargitsa rubutun faifan ajiyar gaba ɗaya ta yadda ba ya karantuwa sai da makulli. A Windows sunan abin BitLocker, ya zo tun zamanin Vista a 2007. A Mac sunansa FileVault, masu Ubuntu kuma ana ba su zaɓin tun wurin ɗora manhajar. Idan an kunna shi, wanda ya tayar da na'urar daga filashi ko ya kwance faifan ba zai ga komai ba sai tarkace, kuma ba zai iya share kalmar sirri ba, domin fayil ɗin da take ciki shi ma a kulle yake. Cikakken BitLocker yana zuwa ne a Windows Pro da na manyan ma'aikatu, masu Home kuma suna da ƙaramin samfurinsa idan na'urar ta cika sharuɗɗa aka kuma shiga da asusun Microsoft. Abin daɗin shi ne laftof na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, na ofisoshi ne tun asali, yawancinsu da Pro suke zuwa da kuma ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM. Mutane da dama na yawo da makulli a jaka ba su taɓa murɗa shi ba. Wanda na'urarsa ba ta da ko ɗaya, akwai VeraCrypt, kyauta ce.

Amma a yi hattara, makullin nan ba ya sanin mai gida. Lokacin kunna BitLocker za a ba ka wasu lambobi 48, su ne hanyar ceto idan na'urar ta rikice, ko mai gyara ya canza wani abu a cikinta. Ka rasa su, ka rasa komai, Microsoft ma ba za ta iya buɗe maka ba. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani kuskure a manhajar tsaro ta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan takwas da rabi a duniya, kuma ma'aikatu da yawa sun sha wuya wurin gyara saboda sai an nemo waɗannan lambobi na kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya. Idan manyan kamfanoni sun yi gumi, ina ga ɗalibin da kundinsa kwafi ɗaya ne tak a duniya? Kada ka adana lambobin a cikin kwamfutar da suke buɗewa, kada ka bar su a littafin da ke jaka ɗaya da ita. Sabbin na'urori masu Windows 11 sukan kunna kullen da kansu su ajiye lambobin a asusun Microsoft, wanda ya sake mayar da mu kan batun wayar da ke caji.

Saura mataki ɗaya. A 2009 wata masaniyar tsaro 'yar ƙasar Polan, Joanna Rutkowska, ta nuna cewa ko faifan a kulle yake, wanda ya keɓe da laftof na 'yan mintuna, kamar mai gyaran ɗaki a otal, zai iya dasa wani abu da filashi da zai naɗe kalmar sirri idan mai ita ya dawo ya rubuta. Shi ya sa yake da kyau a shiga BIOS, wato shafin da ke fitowa kafin Windows ta tashi, a hana tayar da na'ura daga filashi, a kuma sa wa shafin tasa kalmar sirrin. Ita ma a rubuta ta a ajiye, domin a laftof na zamani cire ɗan batirin ciki ba ya goge ta kamar yadda ake yi a tsofaffin kwamfutocin tebur.

Sauran duk ɗabi'a ce. Duk lokacin da za ka tashi, ko alwala ce, danna maɓallin Windows tare da L. Idan za ka kwana a waje, kashe na'urar gaba ɗaya, kada ka rufe murfi kawai. Kalmar sirrin ta zama doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi sunan budurwa da shekarar haihuwa nesa ba kusa ba. Hukumar NIST ta Amurka ma tun 2017 ta koma fifita tsawo a kan cusa alamomi da yawan canzawa. Idan na'urar na karanta zanen yatsa, yi amfani da shi a cikin mutane, ido ba ya kwafe shi.

To idan kana zargin an riga an taɓa fa? Duba jerin asusun da ke na'urar ko akwai wanda ba ka sani ba. Duba tarihin burauza, da jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinka. A shafin shiga, danna Shift sau biyar, idan baƙin akwati na rubuta umarni ya fito, an yi maka aiki. Windows tana da kundin da take rubuta abubuwan da suka faru, Event Viewer, inda lamba 4625 ke nuna yunƙurin shiga da bai yi nasara ba, da ranarsa da lokacinsa. Ka ga irinta ƙarfe uku na dare alhali kana barci, ka samu amsa. Daga nan canza kalmar imel tukuna, daga wata na'urar daban, domin imel ne uwar sauran, sannan ka kwashe fayilolinka a sake ɗora Windows sabuwa. Kuma ka yi masa magana ido da ido, ba a gaban jama'a ba. Kunyar mara kunya asara ce.

Shi kuma mai leƙen, kada ya ce wasa ne tsakanin abokai. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin juna, sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da wasiƙunsa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da ta tanadi hukunci kan kutse a kwamfuta. Ba na fatan rigimar ɗaki ta kai ofishin 'yan sanda, kuma ba sai ta kai ba.

Kai mai laftof, ranar Asabar babu lacca. Kira ɗan ɗakinka ku zauna ka buɗe masa nasa asusun, ka canza taka kalmar, ka kunna BitLocker. Lambobi 48 ɗin nan kuma ka rubuta su a takarda, idan ka je gida ka ba Hajiya ta ajiye maka tare da takardar haihuwarka.